Shekarar da Muka Jira Shamuwa

Tun kafin a haifi ɗayanku babanku yake ɗora kwando a kan darbejiyar tsakar gidanmu na Hayin Banki. Duk shekara, idan zafin bazara ya kai inda sai an yayyafa ruwa a ɗaki kafin a shimfiɗa tabarma, zai shiga Babbar Kasuwa ya sayo kwandon kaba mai faɗi, ya zuba 'yan kirare a ciki, ya jingina tsani, ya hau ya ɗaure shi tsakanin manyan rassa biyu. A ƙauyensu, can bayan Zariya, haka mahaifiyarsa take sa a yi wa shamuwa, don idan ta iso gabanin damina ta tarar an fara mata gini. Sun yarda cewa gidan da ta yi sheƙa a cikinsa albarka ta sauka, rumbu zai cika. Mu kuwa ba mu da rumbu, ba mu da gona, kwanon rufi ne ta ko'ina da hayaƙin motocin Kawo. Shamuwa ba ta taɓa sauka ba, ko da ɓatan kai. Kurciyoyi ne suke kwashe kiraren ɗaya bayan ɗaya, ruwa ya ruɓar da kwandon, wata shekara ya sayo sabo. Kun yi masa dariya kuna yara, ni ma na taya ku. Ina kiransa mai gidan haya wanda ɗan hayarsa bai taɓa zuwa ba, shi kuma ya ce ai baƙuwar tana hanya.

Wannan labarin domin ku duka na rubuta shi, amma musamman domin kai, Babba, ɗan farina, wanda kunya ba ta taɓa barin bakina ya kira sunanka na yanka ba. Tun rasuwar babanku kake gaishe ni ta waya kamar yadda ake gaida surukuwa, cikin ladabi, a taƙaice. Ba ka ƙara kwana a gidan nan ba. Na san abin da ke ranka, don ka faɗa mini shi sau ɗaya a ranar sadakar uku, ban kuma manta ba. Kai ka ga ƙarshen waccan shekarar. Ni na zauna a cikinta tun daga farko, shi ya sa nake so ka ji yadda ta kasance.

Ciwon suga ne ya fara cin idon babanku a hankali, har ranar da ya miƙa hannu zai ɗauki buta ya kama iska. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana koyar da yaran firamare, mai surutun da har maƙwabta suke jiyo darasinsa ta kan katanga, ya koma ɗaki ya juya fuska ga bango. Masallaci ma sai an ja shi da lallashi. In kai tuwo, ya taɓa loma biyu ya ture. Rediyon da ba ya rabuwa da shi ya ce a kashe, wai duk labarin abin da ba zai gani ba ne. Na ji tsoro ƙwarai a lokacin, don na lura ba ciwon ne kaɗai yake cinsa ba.

Sista Saratu ce take zuwa yi masa awon jini. Kun san ta, maƙwabciyarmu ta katanga ɗaya, ma'aikaciyar jinya ce da ta yi ritaya, 'yar kudancin Kaduna. Lokacin da yawancin danginta suka tattara suka koma ƙetaren kogi, ita ta ce nan ta binne mijinta, nan za ta zauna. Bayan ta bar aiki sai ta ɗauko wata sabuwar sana'a da unguwa ta yi ta yi mata tsiya a kai, wato kallon tsuntsaye. Idan ta dawo daga coci ran Lahadi sai ta wuce bakin kogi, ta tsaya ta ɗaga waya sama kamar mai neman sabis. Wata safiya tana cikin naɗe abin awo a hannun Malam, wato babanku, sai wani tsuntsu ya yi kuka a kan darbejiya, kuka mai gangarowa kamar ana tsiyayar ruwa daga tulu. Ta zaro wayarta ta nufi taga da ita.

"Tsaya mu ji wane ne wannan," in ji ta.

Malam, fuskarsa na bango, ya ce, "Ragon maza ne. Sai an tambayi waya?"

Sista ta duba, ta kwashe da dariya. "Kai, Malam! Ga shi kuwa, jan baya, baƙin kai, doguwar wutsiya. Hajiya, zo ki gani."

Na leƙa. Ga hoton tsuntsu ya fito tsaf, da sunansa na Turanci a ƙasa. Abin da ya fi ba ni mamaki kuwa ba wayar ba ce. Malam ne ya juyo, karo na farko cikin makonni, ya ce a maimaita masa abin da ta ce game da wutsiyar.

A ranar Sista ta saka mini manhajar a wayar da ƙanwarka Hadiza ta saya mini. Abu ne mai sauƙi. Idan tsuntsu ya yi kuka sai ki danna, wayar ta saurara, ta kawo hotonsa da sunansa. Idan kin gan shi da ido kuma sai ki faɗa mata girmansa da launinsa, ta jero miki masu kama da shi ki zaɓa. Washegari bayan sallar asuba na shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, na kifa turmi na ɗora wayar a kai, na shiga na ce wa babanku ina da baƙi a waje da ban san sunansu ba, ya zo ya taimake ni. Ya yi gunaguni, amma ya miƙo hannu.

Ban san yadda zan kwatanta muku safiyoyin nan ba. Gari bai gama wayewa ba, masu shayi ba su hura wuta ba, iska tana da ɗan sanyin da rana za ta kwashe nan da kaɗan. Sai kukan farko ya faɗo daga sama, wani ya amsa daga gidan Sista, wani daga can wajen layin dogo, har sai ka ji kamar duk unguwar itace ɗaya ce mai rassa da yawa. Wayar tana haskawa a kan turmi, sunaye suna fitowa ɗaya bayan ɗaya. Ni in karanto na Turancin ina karya harshe, shi ya yi dariya ya ba ni na Hausa: tsada, marai, cilakowa, tsirya, hasbiya. Wanda bai sani ba sai ya ce in duba masa. Ni da na tsufa a gidan nan kaina a sunkuye kan keken ɗinki, sai ga ni ina ɗaga kai ina leƙen ganye. In ce masa ƙaramin ne, cikinsa shuɗi, da ɗan ja a kumatu kamar an ɗiga masa lalle. Sai ya ce, "Na gan shi." Haka yake cewa kullum, na gan shi. Daga nan sai ya zarce ƙauyensu, ya ba ni labarin fadama da kukar bakin kasuwa da gaurakin da ke sauka a gonar kakansa, har in rasa ko a Hayin Banki nake zaune ko a wani gari da ban taɓa takawa ba. Sau da yawa kunun da na dama sai ya huce ba mu sha ba.

Kada ku ɗauka ba a kuskure. Wata rana injin markaɗen gidan Lami ya yi wani ƙara, wayar ta kawo mana hoton tsuntsun da sai a ƙasar ƙanƙara ake samunsa. Malam ya yi dariya har da tari, ya ce a yi wa baƙon shimfiɗa, ya sha hanya. Bayan kwana kaɗan shi ma ya rantse kanari ne yake kuka a bayan katanga, ashe Sista ce take fito tana shanya. Ta daɗe tana tsokanarsa da wannan, da ta shigo sai ta ce kanarinsa ya zo awon jini.

Ana haka ƙafafunsa suka fara kumbura. Likita ya ce ƙoda ce ta gaji, kuma nan gaba kaɗan sai an riƙa wanke ta da inji. Kai Babba ka yi abin da ɗa nagari zai yi, Allah ya saka maka. Ka nemi asibiti a Abuja, ka gyara mana ɗaki a gidanka, ka zo da mota da kanka. Ka same mu a gindin darbejiya, ka durƙusa ka gaishe shi, ka ce a haɗa kaya.

Ya ce, "Zan je. Amma sai shamuwa ta zo."

Ka ɗauka wasa yake yi, ka yi murmushi. "Baba, wace shamuwa? Wadda tun muna yara ake jira?"

"Ita."

"Baba, ko ta zo ai ba ganinta za ka yi ba."

Na ga ka ciji leɓe bayan maganar ta fita. Shi kuwa bai ji haushi ba. Ya ce, "Uwarka za ta gani." Sai ka juyo gare ni, ka ce, "Umma, ki yi masa magana."

Wannan ne wurin da nake so ka tsaya ka saurare ni. Ban yi shiru don ban damu ba. Bayan ka shiga masallaci na zagaya gidan Sista na tambaye ta tsakaninta da Allah. Ta ce ita ba likita ba ce, amma ta ga irin wannan da yawa. Ta ce tafiya da wuri ta fi, kada in yaudari kaina. Ta kuma ce a shekarunsa da sugan da ke jikinsa, injin zai iya ƙara masa lokaci, amma lokacin kwanciya ne, rabinsa a gadon asibiti. Na dawo na zauna kusa da shi na faɗa masa duka, ban rage komai ba. Ya daɗe yana shafa bakin tabarma.

"Binta," in ji shi, "na san in na fita gidan nan ba da ƙafata zan dawo ba. A can bene ne, ko kukan kurciya ba zan ji ba. Tun ina saurayi nake ɗora kwandon nan. Ki bar ni in ɗora na bana, in jira ta kamar yadda na saba. Idan ruwa ya sauka ba ta zo ba, na haƙura, mu tafi."

Na dubi mutumin da wata biyu baya ya juya wa duniya baya, yanzu ga shi yana roƙon a bar shi ya jira wani abu. Zuciyata ta karye, na kuma san ba zan iya ɗauke shi daga nan ba. Shi ya sa da ka dawo na ce maka sai ruwa ya sauka. Ka tafi da mota babu kowa a baya, ko abincin da na zuba maka ba ka ci ba.

Saura ɗora kwando. Malam ba ya iya hawa, kuma ya ƙi a kira wani daga waje, wai a ƙauyensu ɗan gida ne yake yi wa shamuwa gini, in baƙo ya taɓa ba ta zama. Sista ta riƙe tsani, ni na ɗaure zani tamau na yi bisimilla na hau, da furfurata da komai. Shi yana ƙasa yana ba da umarni kamar yana gani.

"Reshen da ya kalli gabas, Binta! Ki ɗaure ta ƙasa tukuna!"

Sista tana cewa, "Hajiya, in kin faɗo ni dai na yi ritaya, ba ruwana!"

Da na kai sama na tsaya ina haki, sai na hango abin da ban taɓa gani ba, rufin gidaje har iyakar ido, hasumiyoyin masallatai, shirwa tana shawagi ƙasa-ƙasa, da wani koren layi can kudu inda kogi yake. A nan na gane dalilin da babanku yake daɗewa a sama duk shekara bayan ya gama ɗauri.

Sista ce ta nuna mini taswirar. Ashe a cikin manhajar, duk wanda ya ga tsuntsu a ko'ina cikin duniya yana iya sa ɗigo a wurin da ya gan shi. Ta rubuta sunan shamuwa, sai ga ɗigo-ɗigo sun taru can ƙasan Afirka, a ƙasashen da sai a labarai nake jin sunansu. Ta ce in riƙa dubawa, za su taso. Haka kuwa aka yi. Kowace safiya kafin mu fara sauraro sai Malam ya ce, "Ina baƙuwar ta kwana?" In buɗe in ga ɗigon ya ɗan hauro. Yau suna wata ƙasa mai manyan tafkuna, jibi sun ƙetare daji, wani mako sun shigo Kamaru. Ya riƙa tambayata su waye suke sa ɗigon nan, ni kuma in ƙirƙiro masa su. In ce wannan wata mata ce ta fito shanya ta ɗaga kai, wancan wani direba ne ya tsaya shan ruwa a bakin hanya. Muka riƙa yi musu addu'a ba mu san addininsu ba. Na ji kamar mutanen nan duk sun san da Malam, suna miƙo masa tsuntsuwar hannu zuwa hannu. Jikinsa yana ƙara nauyi, ƙafar ta daina shiga takalmi, ni ina kallon ɗigo da ido ɗaya ina kallon ƙafar da ɗayan. Akwai ranakun da na shiga madafa na yi kuka, na ce anya ban yi wauta ba. Kana bugo waya kullum, ina ce maka da sauƙi.

Da ɗigon ya kai wajen garinsu Sista, ta shigo da guɗa, wai baƙuwar ta biya ta gaida danginta. Sai hadari ya fara haɗuwa da yamma ta gabas yana watsewa, iska tana kawo ƙanshin ƙasar da aka yi wa ruwa a wani wuri. Na cire rai. Na fara ninke kayansa a ɓoye, don alkawari ya ce in ruwa ya sauka.

Wata safiya, gari ya yi luf, sama ta yi toka-toka, muna zaune wayar tana kan turmi tana saurare. Sai tsuntsayen darbejiya suka yi tsit gaba ɗaya. Na ji wata iska a kaina kamar an kaɗa babban zani, reshe ya yi ƙara, busassun ganye suka zubo a kan tabarma. Malam ya damƙe hannuna.

"Kada ki motsa," ya ce a hankali. "Wannan mai nauyi ne."

Na ɗaga ido kawai. Tana tsaye a bakin kwandon, doguwa, ta fi yadda nake zato girma. Na fara faɗa masa da raɗa. Na ce bayanta baƙi ne mai sheƙi, cikinta fari fat, fuskarta shuɗiya da ɗan ja a gefen ido, gwiwoyinta ja. Na ce ta sa ƙafa ɗaya a cikin kwandon. Na ce ta ɗauki kirare ɗaya da baki, ta juya shi, ta ajiye a wani gefen, kamar matar da ta shiga sabon ɗaki ba ta yarda da yadda aka jera kaya ba. Wayar ba ta nuna komai ba, don shamuwa ba mai kuka ba ce. Can sai ta ɗaga kai ta kaɗa baki, ƙaf-ƙaf-ƙaf, kamar ana buga muciya biyu. Hawaye suka gangaro daga idanun nan da suka daina gani.

"Na gan ta," in ji shi. "Binta, wallahi na gan ta. Inna, ga ta nan ta zo."

Ba ta yi sheƙa ba. Ta tsaya gwargwadon abin da mutum zai sha kunu, ta buɗe fukafukai ta yi arewa. Malam ya sa na buɗe taswira, ya ce mu ma mu sa namu ɗigon, wataƙila akwai wani a gaba yana jira. Sista ta zo ta nuna mini yadda ake yi. Inda ake rubuta wanda ya gani, sunansa na sa. Da muka gama ya ce, "To, kira mini Babba. Na shirya."

Sauran ka san shi. Ka zo a ranar, ruwan farko ya same mu a hanya. Likitan Abuja ya duba shi, ya ja ka gefe, na kuma ji abin da ya ce, cewa da an zo da wuri. Damina ba ta yi nisa ba muka dawo da shi gida a kwance, rai ya yi halinsa. Ranar sadakar uku ka tsaya a gindin darbejiya ka ce mini, "Umma, tsuntsu kuka zaɓa." Ban ba ka amsa ba, don kai ma maraya ne a ranar.

Ga amsata yanzu. Ban sani ba ko da mun bi ka tun farko da ya ƙara wata shida ko shekara. Kwana na Allah ne, amma ba zan fake da wannan in ce zaɓina bai da farashi ba. Na biya da shi, na kuma biya da kai, wannan na biyun ne ban yi tsammani ba, shi ne kuma yake hana ni sakewa har yau. Sai dai da za a mayar da ni gindin itacen nan a sake tambayata, abin da na faɗa shi zan sake faɗa. Kai kana so babanka ya daɗe, ni ma haka. Shi kuma yana so ya ga abu ɗaya kafin ya tafi, ya kuwa gani. A asibiti, ranar da ka fita sayo magani, ya ce mini duk cikin 'ya'yansa kai ne kake riƙe masa tsani kana ƙarami, kana yi masa dariya amma ba ka taɓa saki ba.

Ɗigon yana nan a taswira, a kan Hayin Banki, da sunan babanku a ƙasa. Hadiza za ta nuna maka yadda ake buɗewa. Bara ban ɗora kwando ba, gwiwoyina sun ƙi, Sista ma yanzu da sanda take tafiya. Bana na shiga kasuwa na sayo, mai faɗi, na zuba kirare, yana nan a bayan ƙofar ɗakinsa. Ka san ƙa'idar, baƙo ba ya ɗorawa, sai ɗan gida. Da safen nan na duba taswira, shamuwoyin sun shigo Kamaru.

Tsanin yana inda ka san shi. Ka zo ka hau, ni zan riƙe maka.